Gwanin Waya a Gaban Allon Katako

Ɗalibin da wannan nazari ya shafa shi ne auta a ɗakinsu, da Auta kuma kowa ke kiransa, don haka a nan ma haka zan bar shi. Injiniya yake karanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, gidansu kuma yana Tudun Wada. Ya fara ches ne lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda aka shiga a watan Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba. Babu wanda ya koya masa. Manhaja ya sauke a waya, ya karanta yadda sarki da sarauniya da doki da sauransu ke tafiya, ya kama wasa da kwamfuta tun daga matakin ƙasa. Kafin a koma aji ya hau matakan tsakiya, yana cin kwamfutar fiye da yadda take cinsa. A haka ya ci gaba har cikin 2024, shekarar da Tunde Onakoya ya zauna awa 60 yana buga ches a dandalin Times Square na birnin New York. Labarin ya cika wayoyin matasa, masu bugawa a ɓoye suka fara neman juna. A wannan guguwar Auta ya ji labarin zaman ches da muke yi ranar Asabar bayan la'asar a Samaru. Ya zo ya tarar muna shirin 'yar gasa ta zagaye biyar tsakaninmu, ya ce a sa sunansa.

Ya ci wasa ɗaya, ya yi canjaras ɗaya, aka doke shi uku. Biyu daga waɗanda suka doke shi 'yan sakandare ne, ɗaya ma bai gama ƙaramar sakandare ba.

Auta ba dolo ba ne. In ka jera masa 'ya'ya a allo ka ce fari zai kashe wasa a motsi uku, kafin ka gyara zama ya gano. Lissafinsa ya fi na yawancin waɗanda suka doke shi, ya kuma fi su yawan wasannin da ya buga nesa ba kusa ba. To me ya hana atisayen kusan shekara biyu ya yi masa rana a gaban mutum?

Abin da ya haɗa shi da kwamfuta

Wani zai ce ai shi ya so, da ya nemi mutane tun farko. Amma in ka duba halin da ya koyi wasan a ciki, kwamfuta ce kaɗai abokiyar wasan da ke hannunsa. Wasa da mutum ta intanet yana son data, yana kuma son sabis da ba ya yankewa. Agogon wasa ba ya jiran sabis ya dawo. In layi ya tsinke kana tsakiyar wasa, lokacinka zai yi ta zuba har ya ƙare, a rubuta maka faɗuwa ko da kai ke gaba da sarauniya sukutum. Auta ya gwada a farkon lamarin, hakan ta yi ta samunsa, ya yi fushi ya bari. Manhajar da injin wasa ke cikinta kuwa ba ruwanta da sabis. Ko an ɗauke wuta, matuƙar akwai ɗan caji, wasa na tafiya.

Sai batun gida. Mahaifinsa ba ya son ganin ɗansa a gindin bishiya ana dara, domin a wurinsa dara da caca da zaman kashe wando duk tafiyarsu ɗaya. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi a Zariya ba, ba kuma daga sama ya tsinto shi ba: malaman fiƙihu sun daɗe da saɓani kan shaɗaranji, wato ches, Malikawa suka tsananta, Shafi'awa suka sassauta matuƙar babu kuɗi a ciki kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Wannan muhawara ba fagena ba ce. Na kawo ta ne domin ita ta sa yaron ya koyi wasan mutum biyu shi kaɗai a ɗaki, cikin bargo lokacin hunturu. Akwai kuma wani dalili da bai faɗa ba sai daga baya: kwamfuta ba ta dariya, ba ta kuma kai labari.

Abin da muka tarar a wayar

Manhajar tana ajiye wasannin da aka buga. Na ce ya kawo wayar, muka zauna muka bi na baya-bayan nan, muka jera su da takardun wasanninsa biyar na gasar. Takardun na abokan karawarsa ne, domin shi a lokacin bai iya rubuta motsi ba.

Sai an san yadda ake raunana kwamfuta kafin a gane abin da ya same shi. Tun watan Mayu na 1997, da injin Deep Blue na kamfanin IBM ya doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, da maki 3½ da 2½, tazarar inji da mutum take ta faɗaɗa. Injin ches mai suna Stockfish, wanda ya fito a 2008 kuma kyauta ne ga kowa, shi ke cikin da yawa daga manhajojin da muke saukewa, har da ta Auta. Magnus Carlsen, gwanin ches ɗan Norway, ya kai maki 2882 a 2014 a ma'aunin Elo, wanda ake auna ƙarfin 'yan ches da shi, kuma babu ɗan Adam da ya taɓa wuce haka. Stockfish na yau kuwa, a jadawalin da ake gwada injuna da junansu, ya haura 3500. Ko a waya mai araha aka sake shi da cikakken ƙarfinsa, babu mai ja da shi a Zariya ko a wani gari. Saboda haka mai haɗa manhajar koyo ba ƙarfi yake nema wa injin ba, dabarar da za ta sa ya faɗi yake nema.

Dabarun sanannu ne. Ana taƙaita nisan lissafinsa da lokacin da zai yi yana lissafin. Ana kuma murɗa ma'aunin ƙwarewa da ke cikin Stockfish, wanda ya tashi daga 0 zuwa 20: injin zai lissafo motsi da dama ya jera su daga mafi kyau, amma maimakon ya ɗauki na farko, sai a bar ƙuri'a ta zaɓa masa wani na ƙasa. Gwargwadon ƙanƙantar matakin, gwargwadon munin abin da ƙuri'ar za ta iya faɗawa a kai. Abokin wasan da ke fitowa daga nan abin mamaki ne: ya yi motsi goma na gwanaye, na sha ɗaya ya ajiye doki a bakin sojanka ba gaira ba dalili, na sha biyu ya koma gwani. Kamar ƙaton da ke kokawa da ɗan ƙanensa ne, ya riƙe shi tamau, can in ya ga yaron zai yi kuka sai ya zube da kansa.

Kuskuren mutum ba haka yake ba, yana da asali. Mutum na kuskure saboda kwaɗayi, ko tsoro, ko don ya ƙulla wani shiri idonsa ya rufe a kai, ko don bai hango bishof, ɗan da ke tafiya a karkace, da ke laɓe can ƙarshen allo ba, ko don ya manta doki na iya komawa da baya. Kuma komai rauninsa yana da niyya. Sarkinka yake so, zai tara 'ya'yansa inda ya ga ɓaraka ya yi ta bugu a wuri ɗaya har ya fashe. Kwamfutar da aka raunana ba ta da wannan naci, domin ƙuri'ar da ke sa ta kuskure ita ce kuma ke tsinka mata shiri a tsakiya.

Auta ya karanci abokiyar wasansa sarai, nan ne ma matsalar take. Ya gane cewa da wannan kwamfuta ba sai ka ƙulla komai ba. Ka tsare gidanka, ka yi ta musayar 'ya'ya, ka jira. Kyauta na nan tafe. In ta zo kuma ka karɓa ba tare da tambaya ba, domin a wasanninsa da muka bi da wuya ka ga inda kwamfutar ta bar ɗa a fili ya zama da wani abu a ƙasa. Kusan duk nasarorinsa haka suke: motsi ashirin ko talatin babu abin da ya faru, sai doki ko ruk, ɗan da ke tafiya a miƙe, ya faɗo daga sama, sai ya ƙarasa. Salo ne mai aiki, amma a kan abokin wasa guda ɗaya tak a duniya.

Wasansa na farko a gasar shi ya fi fito da abin fili. Shi ke da baƙi, ɗan ƙaramar sakandaren nan ke da fari. Yaron ya buɗe da soja zuwa e4 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa), doki f3, bishof c4, sannan ya cilla dokin g5, su biyu suna hararar f7, gidan da sarki kaɗai ke tsaronsa a farkon wasa. Auta ya tura soja d5, daidai ne. Fari ya ci sojan, Auta ya rama da doki, nan ya rufta. Yaron ya jefa dokinsa f7. Auta ya ga doki a banza, irin wanda ya saba gani, ya sa sarki ya cinye. Sarauniya ta fito f3 da cek, wato hari kai tsaye a kan sarki, sarkinsa ya tsinci kansa a e6, tsakiyar fili, ɗaya dokin fari ya fito, sauran 'ya'ya suka yi masa caa. Wannan tarko an san shi a Italiya tun wajen shekara 400 da suka wuce, kuma duk yaron da ya yi wata uku yana wasa da 'yan'uwansa yara ya sha shi ya kuma shayar da wasu. Maganinsa ma a rubuce yake: a motsi na biyar a kai ɗaya dokin a5 ya tsokani bishof, a haƙura da sojan. Inji na iya fitar da kansa ko bayan ya ci dokin. Mutum da agogo a gefensa, da kyar. Auta bai taɓa haɗuwa da tarkon ba sai ranar.

A wasa na uku sarauniyarsa ce ta tafi cin sojan b2, aka rufe mata ƙofa da ruk da doki, dara ta ci gida. Canjaras ɗin kuwa ya fi faɗuwar ci masa rai. Da wani magidanci mai gyaran waya a unguwar PZ ya yi shi. Auta na da sarauniya da soja, mutumin ba abin da ya rage masa sai ruk da sarki a lungu. Ya turo ruk ɗin ya yi cek, Auta ya cinye, sai ga sarkin mutumin ba a yi masa cek ba kuma ba shi da gidan zuwa. A doka wannan canjaras ne. Mai gyaran waya ya miƙo hannu yana murmushi ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ƙanena." Inji in yana faɗuwa, motsin da zai fi jinkirta faɗuwar yake zaɓa, bisa zaton kai ma mafi kyau za ka yi. Ba ya haƙa rami da fatan ka rufta. Mutum kuwa in ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, aikinsa ke nan.

Wanda ya fi kowa saurin gano cutar ma ba ɗan ches ba ne. Kakan Auta na wajen uwa tsohon ma'aikacin reluwe ne a Sabon Gari, ya tsufa yana buga diraf, mai gida 100 da 'ya'ya ashirin-ashirin. A diraf ci dole ne, don haka gwanintar gaba ɗaya ita ce ka ba da ɗaya ka kwashe uku. Auta ya ce da ya nuna wa tsohon yadda yake cin kwamfuta, sai ya leƙa wayar ya ce, "Abokina, wannan na cikin wayar, in ya ba ka ɗa, me yake nema a bayansa?" Auta ya ce, "Ba komai Kaka, kuskure ne kawai." Tsohon ya ce, "To ba wasa yake da kai ba, lallaɓa ka yake. Zo nan in ba ka ɗaya ka ga yadda ake bayarwa." Wasan jika da kaka ne, amma bayanin da na kwashe sakin layi uku ina yi ke nan.

Bayan wannan akwai wasu halaye da manhajar ta saba masa. Maɓallin janye motsi yana nan a buɗe, kuma yana danna shi ba tare da ya ɗauke shi a bakin komai ba. A wurinsa ba maguɗi ba ne, gyara ne. Illar ita ce hannunsa ya riga tunaninsa: ya tura ya gani, in ba kyau ya janye. A kan allo doka ta ce ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka motsa, in kuma ka sake shi a gida ya zauna. A zagaye na huɗu ya ɗaga bishof, ya hango abin da zai biyo baya, ya mayar, ya kai hannu kan doki. Abokin karawarsa ya ɗaga hannu. "Malam, ai ban sake shi ba," in ji Auta. Na ce, "Auta, ka taɓa shi. Zaɓi gidan da za ka kai shi, amma shi ne zai tafi."

Wanda ya fi wannan ɓarna, a ganina, shi ne sandar awon da ke gefen allo, mai hawa da sauka tana nuna wanda ke gaba. A kunne yake barinta yana wasa. Da kwamfuta ta yi kuskure sandar za ta yi tsalle, shi kuma sai ya tsaya ya nemi abin da ya faru, ya kuma same shi, tunda lissafi ba ya ba shi wuya. Ashe rabin aikin sandar ke yi masa. A ches gano motsin da zai ci wasa ba shi ne mai wuya ba. Sanin cewa yanzu ne lokacin nemansa shi ne mai wuya. A wasansa da ɗan babbar sakandaren akwai inda yaron ya bar ruk a hanyar da motsi biyu za su ɗauke shi. Da muka jera wa Auta wurin daga baya muka ce akwai wani abu, nan take ya gani. Ranar wasan babu wanda ya ce masa akwai wani abu, ya wuce abinsa.

Agogo kuwa bai saba da shi ba sam. Wani wasan yakan fara shi da safe ya ƙarasa bayan isha.

Abin da aka canza

Wasu a zaman namu sun ce ya goge manhajar kawai. Ban goyi bayansu ba. Mu sau ɗaya muke haɗuwa a mako, kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa Samaru lokacin hutu ba ƙarami ba ne ga ɗalibi, kuma babu wani kocin ches da ke jiransa a unguwa. Wanda ke da injin da ya fi zakaran duniya a aljihunsa, ka ce ya yar, ba ka taimake shi ba. Aikin da yake ba injin ne ba daidai ba. Ya sa shi kwaikwayon mutum mai rauni, abin da injin ya fi komai rashin iyawa.

Sai muka juya lamarin: a daina rage wa injin ƙarfi, a rage masa 'ya'ya. Auta zai jera wurin da doka ta ce nasara ce ko canjaras, ya sa kwamfuta a cikakken ƙarfinta, ya ga ko zai iya kai abin inda ya kamata. Ya fara da sarki da sarauniya a kan sarki tilo, wanda in an yi daidai ba ya wuce motsi 10, sai sarki da ruk, wanda ba ya wuce 16. Na ruk ɗin ya ba shi kunya a gwajin farko. Ya yi ta kora sarkin kwamfuta yana zillewa har aka doshi motsi 50, iyakar da doka ta ba wanda ake kora damar neman canjaras in ba a ci ɗa ba kuma ba a tura soja ba. Mutumin da ke cin mataki na tsakiya kullum, ashe bai iya kashe wasa da ruk ba, domin kwamfutar da ya saba da ita takan miƙa wuyanta da kanta.

Daga nan aka shiga sarki da soja ɗaya, inda komai ya rataya kan wanda zai tilasta wa ɗan'uwansa kaucewa in sarakuna biyu suka fuskanci juna. Sai tsaron da Bafaranshen nan Philidor ya bayyana a 1777, na wanda ke da ruk yana kare kansa daga ruk da soja: ka ajiye ruk ɗinka a layi na uku daga gefenka ka hana sarkin abokin gaba shigowa, da zarar sojansa ya tako wannan layin ka koma can ƙarshen allo ka yi ta cek ta baya. A irin waɗannan wurare kwamfuta malama ce da babu kamarta, domin amsar a yanke take. Kusan duk tsarin da 'ya'yan da suka rage a allo ba su wuce 7 ba an riga an lissafe shi har ƙarshe, aikin da aka kammala da babbar kwamfutar Jami'ar Mosko a 2012. Babu lallaɓawa a nan. In ka kauce da gida ɗaya nasara ta koma canjaras, ka sake jerawa. Ba ta gajiya da maimaici, ba ta kuma buƙatar data.

Haka muka yi da wasanninsa na gaske. Duk inda ya samu galaba a gaban mutum ya kasa ƙarasawa, sai ya ɗauko wurin ya ba kwamfuta ɓangaren mai faɗuwa. Duk inda aka matse shi kuma, ya ɗauki ɓangaren da ake matsewa ya ga motsi nawa zai jure.

Cikakken wasa daga farko zuwa ƙarshe kuwa, mun nema masa abokin da ya fi kama da mutum. Akwai injin da ake kira Maia, wanda masu bincike daga Jami'ar Toronto da Jami'ar Cornell da sashen bincike na Microsoft suka fitar a 2020. Ba a gina shi don ya nemo motsi mafi kyau ba. An ciyar da shi miliyoyin wasannin mutane na dandalin Lichess ne domin ya hasaso abin da mutum mai wani matsayi zai buga, kuma yakan dace kusan rabin lokaci. Ana samun uku daga cikinsa a Lichess, na matsayin 1100 da 1500 da 1900, duk kyauta, kamar yadda dandalin kansa yake kyauta tun da Thibault Duplessis ya kafa shi a 2010. Kuskuren Maia irin namu ne: yana kwaɗayin soja, yana kai hari da wuri, yana mance abin da ke bayansa. Sai dai a kula, na ƙaramin matsayin yakan fi lambar da aka liƙa masa ƙarfi, domin motsin da akasarin mutane za su yi yake ɗauka, ba ya yin irin haukan da mutum ɗaya kan yi ranar da kansa ya ɗau zafi. Yana kuma son intanet, don haka Auta ya mayar da shi abin yi in yana cikin makaranta ko ya sayi datar dare.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A kashe sandar awo da maɓallin janyewa. A jera 'ya'ya a allon gaske, a ajiye waya a gefe tana faɗin motsinta kawai, domin idon da ya saba da hoto a shafe yakan ɓata in ya ga 'ya'ya a tsaye suna kare juna. A sa agogo, minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane motsi. A rubuta wasa a littafi. In an gama kuma, kafin a tambayi inji, ya rubuta da hannunsa inda yake ganin wasan ya juya da dalili. Sannan ya kunna injin ya ga ko sun yi daidai. Wannan ta ƙarshen ya fi ƙi. Ya ce ɓata lokaci ne tunda injin zai faɗa masa cikin daƙiƙa biyar. Haka ne, zai faɗa masa motsin. Ba zai faɗa masa abin da ya sa shi bai gani ba, kuma wannan ne muke nema.

Ba duka ya bi ba. Allon gaske a hostel kawai yake iya baje shi, a gida sai waya. Lokacin jarrabawa komai ya tsaya. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa wani daren, in kwamfuta mai cikakken ƙarfi ta gama wulaƙanta shi a ƙarshen wasa, yakan koma tsohon matakin ya ci wasa biyu don ya samu barci. Ban ga laifin wannan ba, matuƙar ya san nishaɗi ne ba atisaye ba.

Inda aka kwana

Bayan zangon karatu guda muka sake irin gasar. Ya ci uku, ya yi canjaras ɗaya, ya faɗi ɗaya. Kada a ɗora wa wannan sakamako nauyin da ya fi ƙarfinsa. Wasa biyar ba hujja ba ce: a lissafin Elo, ko tazarar maki 200 ce tsakanin mutum biyu, kusan kashi 76 cikin 100 na maki mai ƙarfin ke kwasa, ragowar na mai raunin ne, don haka sa'a na da wurin zama a gasa gajera irin tamu. Kuma yawancin abokan karawar su ne na da, ya riga ya san hannunsu. A tsawon zangon yana zuwa zaman Asabar yana wasa da mutane, saboda haka babu yadda za a ware a ce kaza daga sabon tsarin kwamfuta ya zo, kaza daga zama da jama'a.

Abin da na fi yarda da shi shi ne littafinsa. Wasanni biyu daga ukun da ya ci a ƙarshen wasa ya ci su, da ruk da sojoji, a wuraren da a da zai saki. Canjaras ɗin tsaron Philidor ne ya yi shi daidai, a kan mai gyaran wayar nan kuwa. Wannan ɓangare kai tsaye daga atisayen inji mai cikakken ƙarfi ya fito, domin babu wanda ya zauna ya yi masa shi a cikinmu. Tarkon f7 kuma bai sake kama shi ba, amma wannan yaran ne suka koya masa da duka.

Sabuwar matsala ta fito daga maganin tsohuwar. Yanzu duk ɗan da aka bari a fili zarginsa yake. A wasan da ya faɗi, abokin karawarsa ya manta da bishof, mantuwa ta gaskiya, babu komai a bayanta. Auta ya zauna minti shida cikin sha biyar ɗinsa yana neman tarkon da babu shi, daga ƙarshe ya ƙi ci, ya yi wani motsin na tsaro, lokaci ya ƙare masa a motsi na talatin da wani abu. Maia ba zai gyara wannan ba, tunda shi ba ya jin matsin agogo balle ya nuna maka yadda ake yanke shawara a cikinsa. Abin da muka tsayar na zango mai zuwa shi ne ya riƙa buɗe zaman Asabar da wasanni masu minti biyar-biyar da yaran sakandaren, sannan a dogon wasa ya bi ƙa'ida ɗaya: in an bar ɗa a fili, ya duba duk cek da duk ci da abokin karawa zai samu bayan ya ɗauka, in minti biyu suka cika bai ga komai ba, ya ci.